Mataimakin AI a zangon aiki: ina za a sake masa, ina za a taka masa birki?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai. A ɗauka ƙungiya ce ta mutum biyar, uku masu rubuta kod, ɗaya mai gwaji, ɗaya mai magana da kwastoma, suna gina manhajar lissafin kaya da bashi don dillalan Kantin Kwari. Tsarin Scrum suke bi, wato a raba aiki zango-zango a nuna abin da aka gama a ƙarshen kowanne, zangonsu mako biyu-biyu. Yanzu kowa ya saka mataimakin rubuta kod na AI, Copilot ko Cursor, a kwamfutarsa, ga ChatGPT da Claude a buɗe a burauza. Kod na zuba kamar ruwan Agusta, amma ranar nuna aiki sai a ga a allon aiki, inda kowane aiki ke da katinsa, katunan da suka kai layin "an gama" ba su ƙaru ba. To a ina ya kamata AI ya shiga cikin zangon, a ina kuma za a ce masa tsaya nan?

Malamin Kabuga: Wa alaikumus salam. Ɗana, amsar tana cikin tambayarka. Ba saurin buga kod ne ke riƙe ƙungiya ba tun asali. Mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Fabrairun 2001 suka rubuta sanarwar Ajayil kan salon gina manhaja kaɗan-kaɗan, damuwarsu ita ce a daina shafe shekara ana gini sannan a kai wa mai aiki abin da bai nema ba. Maganinsu shi ne a yanka aiki ƙanana, a nuna da wuri, a ji ta bakin mai shi, a gyara.

Ku yi wannan lissafin da 'yan Kanban, masu bin aiki da katuna a allo, ke yi, wanda ake kira dokar Little. Tsawon lokacin da kati ke ɗauka daidai yake da yawan katunan da ke hannu a raba da yawan waɗanda ake gamawa. Kati 12 a hannu, ana gama 6 a mako, kowane kati zai ci mako biyu. AI ya zo, kowa ya ji ƙarfi ya buɗe sabon aiki, katunan hannu suka zama 18, amma mai gwaji har yanzu mutum ɗaya ne, masu duba kod ba su ƙaru ba, ana nan kan 6 a mako. Yanzu kowane kati mako uku zai ci, ya wuce zangon gaba ɗaya. An faɗaɗa bakin tulu ne, wuyansa na nan yadda yake.

Ɗan Kurna: Allah ya gafarta Malam, lissafin ya zauna, amma kar mu rage wa abin daraja. GitHub, masu Copilot, sun yi gwaji a 2022, suka ba masu kod aikin rubuta sabar HTTP da JavaScript, waɗanda suka yi da Copilot sun gama da sauri da kusan kashi 55 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da ke biyan haya da data da man janareta.

Injiniyan Zoo Road: Ɗan Kurna, ka dubi irin aikin da aka ba su. Sabon aiki ne daga tushe, ƙayyadadde, irin wanda misalinsa ya cika intanet. Ka haɗa shi da binciken da METR, ƙungiya mai nazarin AI, ta yi a 2025: ƙwararru 16 suna aiki a kan manyan ma'ajiyoyin kod da suka sani ciki da bai, ayyuka 246. Da AI sai suka ɗauki lokaci fiye da yadda suke ɗauka da kashi 19 cikin ɗari, alhali su a ransu gani suke sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Wannan na biyun ne abin tsoro. Mutum yana jin yana gudu, agogo na cewa tafiyar hawainiya yake. Duka biyun gaskiya ne, kowanne a muhallinsa. Sabon fom, sabon shafi, kod mai maimaituwa, AI gwani ne. Tsohon kod mai ƙa'idojin da ba a rubuta ba, nan yake tuntuɓe.

'Yar Gwale: Ni dai bari in ja ku baya, don kun fara daga tsakiya. Wurin da AI ya fi biyan kuɗinsa shi ne kafin a taɓa kod, lokacin tace katunan buƙata. Amma akwai yadda ake yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce masa "rubuta mana katuna na manhajar bashi". Zai ba ka katuna 30 masu tsafta, babu ko ɗaya da ya taɓa shaƙar iskar Kwari.

Ku juya abin. Mai magana da kwastoma ta je shago, ta zauna, ta dawo ta rubuta katin da hannunta: "A matsayina na dillali, ina so in rubuta kayan da kwastoma ya ɗauka bashi, don in san abin da nake bin sa." Sai a ba AI katin a ce kada ya rubuta komai, tambayoyi goma kawai ake so waɗanda in ba a amsa su ba mai kod zai yi hasashe. A nan yana ƙoƙari sosai. Zai tambayi me zai faru in an biya rabi, in an dawo da kaya, in farashi ya canja tsakanin ranar ɗauka da ranar biya, wa ke da ikon goge bashi. Daga goman za a samu huɗu ko biyar masu nauyi. Su za a koma da su wurin Alhaji mai shagon.

Abin da ba zai tambaya ba kuwa, sai wanda ya san kasuwa. Bai san turmin atamfa yadi shida ba ne sai an gaya masa. Bai san ana sayar da shadda a yadi ana kuma sayarwa a bandir ba, ko cewa dila ana kwance ta a sayar turmi-turmi. Bai san yaron shago na iya ba da kaya ba amma ba shi da ikon rage farashi, bai san ɗan kamasho da ya kawo baƙo yana da nasa a ciki ba. In waɗannan ba su shiga kati ba, rumbun bayanai zai fito da akwati ɗaya mai suna "yawa", ranar da aka zo sayar da yadi uku daga cikin turmi sai a tarar dole a rushe ginin.

Autan Dakata: Anti, to sharuɗɗan karɓar aiki fa? Su ma da hannu za a rubuta?

'Yar Gwale: Na farko da hannu, Auta, da lambobi na gaske. Misali: kwastoma ya ɗauki turmi 10 a kan naira 18,000 kowanne, jimla 180,000. Ya biya 100,000. To allon ya nuna saura 80,000, kuma kayan shago su ragu da turmi 10. Daga nan ka ba AI wannan ɗin ka ce ya kawo 'yan uwansa na gefe-gefe: ya biya fiye da bashin, ya biya sifiri, ya dawo da turmi 2 bayan ya biya rabi. Kai kuma ka lissafa amsar kowanne da kalkuleta, kar ka yarda da tasa. A kan dawo da kaya musamman, amsar ba lissafi ba ce, hukuncin mai shago ne: a rage daga bashi ko a mayar da kuɗi? Wannan AI zai zaɓa maka ɗaya cikin natsuwa kamar ya sani.

Ɗan Kurna: To ga inda nake ganin za a rage ɓata lokaci: kimanta nauyin kati. A zauna kamar wasan kati, kowa na ɗaga makin da yake ganin ya dace da aikin, 1, 2, 3, 5, 8 ko 13, ana gardama awa guda. Me zai hana a ba AI tarihin katunan wata shida daga Jira, manhajar allon aiki, ya sa wa sababbin maki, a wuce wurin?

Malamin Kabuga: Saboda ba makin ake nema ba, ɗana. Ranar da Injiniya ya ɗaga 8 kai ka ɗaga 2, ranar ce wasan ya yi amfani, don ɗayanku ya san wani abu da ɗayan bai sani ba. Wataƙila shi ya tuna cewa teburin bashi yana haɗe da rahoton ƙarshen wata. In AI ya fara cewa 3, kowa zai lallaɓa kusa da 3, wannan maganar ba za ta fito ba. Shi ya sa ma ake ɗaga katin a lokaci guda.

Inda zan yarda da kai shi ne hasashen ranar gamawa. Ku ciro adadin katunan da kuka gama a kowane mako na makonni 10 ko 12 da suka wuce. Ku sa AI ya rubuta ɗan gajeren kod na Python da zai riƙa zaɓo makonni daga wannan tarihin ba tsari, yana tarawa har sai an kai yawan katunan da suka rage, ya maimaita sau 10,000. Abin da zai fito shi ne, misali, kashi 85 cikin ɗari na gwaje-gwajen sun gama cikin mako bakwai ko ƙasa. Wannan ake gaya wa kwastoma, ba rana ɗaya tak ba. Layi talatin ne, kowa zai iya karanta shi ya tabbatar. Sai dai ku cire makonnin da ba su yi kama da na gaba ba. Tarihin Shawwal ba zai faɗa muku abin da za a iya yi a goman ƙarshe na azumi ba, kuma makon Sallah da hawan Daushe ba makon aiki ba ne a garin nan ko da kalanda ta ce haka.

Injiniyan Zoo Road: Bari in shiga kan kod ɗin kansa. Abu na farko, kafin zango na gaba, ku rubuta fayil ɗin ƙa'idoji ku ajiye a tushen ma'ajiya. Kayan aiki da yawa suna karanta AGENTS.md, Claude Code na karanta CLAUDE.md, Copilot na karanta copilot-instructions.md a cikin jakar .github. In babu shi, kowane mutum cikin ukun nan mataimakinsa zai riƙa gini da nasa salon, bayan zango uku ka tarar da hanyoyi uku na yin abu ɗaya.

Kar ya wuce shafi ɗaya ko biyu, don in ya yi tsawo yakan yi biris da wasu. Abin da za a sa a ciki shi ne abin da ba zai iya ganewa da kansa ba. Umarnin da ake gudanar da gwaji da shi. Jakunkunan da ba a taɓawa. Sannan ƙa'idojin gida. Kuɗi a ajiye shi a kobo, cikakkiyar lamba, ba mai ɗigo ba, don a JavaScript ko Python 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, kuma Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, shi ma a kobo yake karɓar adadi, wanda ya tura 5000 yana nufin naira dubu biyar naira 50 ya caja. Lokaci a ajiye a UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, a nuna shi a agogonmu mai gaba da awa ɗaya, in ba haka ba cinikin ƙarfe 12 da rabi na dare zai faɗa rahoton jiya. Lambar waya a mayar da ita siga ɗaya mai +234 kafin a ajiye, don mutum ɗaya kar ya zama kwastoma biyu, ɗaya mai sifiri a gaba ɗaya babu. Neman suna ya ɗauki ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a matsayin abu ɗaya, don yaron shago ba zai tsaya neman harafi mai lanƙwasa a kibod ba. Wannan na ƙarshen ku rubuta taswirar haruffan da kanku. Dabarar da AI ya saba bayarwa ta cire alamar kan wasali irin na Faransanci ba ta aiki a kan ƙ, don ita harafi ce mai zaman kanta a Unicode, ba k da aka ɗora wa alama ba.

Duk lokacin da aka kama AI ya maimaita kuskure ɗaya sau biyu, a ƙara layi a fayil ɗin, ta PR, wato neman a duba canji kafin a haɗa shi, kamar kowane kod.

Ɗan Fagge: Yaya, wannan na ƙ ɗin ya isa a ce an ci riba yau. To gwaji fa? AI ne ke rubuta gwajin yanzu, kuma komai kore yake fitowa, alamar ya ci gwaji.

Injiniyan Zoo Road: Nan ne ramin. In ka bar shi ya rubuta kod sannan ya rubuta gwaji, gwajin zai tabbatar da abin da kod ɗin ke yi ne, ba abin da ya kamata ya yi ba. Mai laifi ne ke yi wa kansa shaida. Tsarin Kent Beck na fara rubuta gwaji yanzu ne ma ya fi amfani. A ɗauko sharuɗɗan da Anti ta faɗa, a mayar da su gwaji, AI na iya taimakawa wajen bugawa amma mutum ya karanta kowace lamba. A gudanar a ga sun faɗi ja. A yi komit ɗinsu su kaɗai, wato a adana su a tarihin kod. Sannan a ce masa ya rubuta kod har su zama kore, kuma kada ya taɓa fayilolin gwaji. Bayan ya gama a duba git diff, mai nuna abin da aka canja, a tabbatar bai taɓa ba, don in ya maƙale yakan sassauta gwajin, ko ya sa masa alamar tsallakewa, ko ya dasa ainihin amsar 80,000 a cikin kod ya ce an gama.

Gwada ingancin gwajin ba wuya. Ka shiga kod ka lalata abu ɗaya da gangan, ka mayar da alamar tarawa ta zama ta ragewa, ko "ya fi" ta zama "ya fi ko daidai". In babu gwajin da ya faɗi, gwajin ado ne. Akwai kayan aikin da ke yin haka da kansu, Stryker ga masu JavaScript, mutmut ga masu Python, PIT ga masu Java, amma suna cin lokaci, a bar su kan sashen kuɗi kawai.

Malamin Kabuga: Ku haɗa da iyaka a allon aiki, shi ne maganin wuyan tulun. Layin "jiran dubawa" kar ya ɗauki fiye da kati 3 ga ƙungiya irin wannan. In ya cika, ba wanda zai buɗe sabon aiki, kowa ya je ya duba na ɗan uwansa. Kuma PR kar ya wuce layi 300 zuwa 400. Wanda ya kai layi 1,500 ba mai karanta shi, za a zazzaga ƙasa ne a danna amincewa. Da can gajiyar yatsu ke hana mutum kawo irin wannan, yanzu minti goma ya isa.

Ɗan Kurna: Malam, to ai AI ɗin ma yana duba PR. Copilot na yi, CodeRabbit na yi. Me ya sa za mu tsayar da aiki muna jiran mutum?

'Yar Gwale: A sa shi ya fara dubawa, ban ƙi ba. Yana kama mantuwa: ba a duba ko abu babu komai a ciki ba, an bar kalmar sirri a kod, an kira rumbun bayanai a cikin madauki sau ɗari. Wannan yana rage wa mutum wahala. Amma tambayar da ke gaban mai dubawa ita ce, shin wannan shi ne abin da Alhaji ya nema? AI bai je shagon ba. Kuma yana yawan surutu, sharhi 20 a PR ɗaya, 15 na salon rubutu. Bayan mako biyu mutane sun daina karantawa, har na gasken ya wuce su. A saita shi ya yi magana kan kuskure da tsaro kawai, salon rubutu a bar wa kayan aikin da aka yi dominsa, Prettier da ESLint.

Ƙa'ida ɗaya nake so a rubuta cikin ma'anar "an gama": wanda ya buɗe PR shi ke da kod ɗin, kuma zai iya bayanin kowane layi ba tare da ya koma ya tambayi na'ura ba. "AI ne ya rubuta" ba amsa ba ce a taron nuna aiki.

Hajiyar Nasarawa: Sannunku da ƙoƙari. Na ga ba wanda ya taɓo bayanan mutane, kuma manhajar bashi cike take da su: suna, lambar waya, adireshi, nawa ake bin wane. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana aiki a kanku, hukumar NDPC ce ke sa ido, kuma tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje. Mai kod da ya kwafo layuka 50 daga rumbun bayanai na gaske ya liƙa a ChatGPT don a taya shi gano matsala, ya fitar da su ke nan. BVN da NIN kuwa, kowanne lamba 11, kar su kusanci akwatin hira ko da wasa.

Gyaran ba tsada. A zango na farko a buɗe kati ɗaya na ƙirƙirar bayanan bogi, AI ɗin ma zai rubuta kod ɗin da zai samar da kwastomomi 500 na ƙarya da basussukansu, da su za a riƙa aiki. Fayil ɗin .env, inda ake ajiye makullan sirri, a tabbatar yana cikin .gitignore, jerin fayilolin da ba sa shiga ma'ajiya, a kuma hana mataimakin karanta shi ta saitin kayan aikin, don shiga .gitignore kaɗai ba ya hana mataimakin da ke gudanar da umarni a tasha buɗe shi. A sa gitleaks, mai farautar makullan sirri a kod, ya riƙa bincike kafin kowane komit. In makulli ya riga ya fita, goge shi daga kod bai isa ba, yana nan a tarihin Git, sai an soke shi an ciro sabo. A kuma shiga saitin asusun a duba ko ana koyar da na'ura da abin da kuke turawa, don sharuɗɗan asusun kyauta da na kamfani ba ɗaya ba ne.

Sai kunshin kod, wato kod ɗin wasu da ake saukewa a yi amfani da shi. AI yakan ƙirƙiro sunan kunshin da babu shi, ya ce ka girka. 'Yan damfara sun gane haka, suna yin rajistar irin waɗannan sunayen a rumbunan kunshi na npm da PyPI su cusa mugun kod. Duk sabon kunshi a PR, mai dubawa ya buɗe shafinsa ya ga wa ya wallafa, yaushe, mutum nawa ke saukewa.

Injiniyan Zoo Road: Hajiya ta tuna min da saƙon tabbatar da biya. In ka ce AI ya rubuta maka wurin karɓar webhook na Paystack, wato saƙon da yake turo wa sabarku in an biya, sau da yawa zai ba ka wanda ke aiki lafiya a gwaji amma bai tantance sa hannu ba. Dole a lissafa sa hannun HMAC SHA512 na ainihin jikin saƙon da makullin sirri a kwatanta da wanda ya zo a x-paystack-signature, in ba haka ba kowa na iya turo "an biya" a share masa bashi. Na biyu, saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu. A ajiye lambar shaidar kowane biya a sa mata sharaɗin kada ta maimaitu a rumbun bayanai, in ta sake zuwa a amsa 200, alamar an karɓa, a yi shiru. Waɗannan biyun su shiga sharuɗɗan katin tun farko.

Autan Dakata: Hajiya, in aka yi amfani da AI ɗin da ake saukewa a kwamfuta fa, irin na Ollama? Ai bayanan ba sa fita.

Hajiyar Nasarawa: Ba sa fita, gaskiya ne, kuma yana aiki ko data ta ƙare. Samfuri mai faramita biliyan 7 ko 8, ma'aunin girmansa ke nan, da aka matse yana cin wajen gigabait 5, kwamfuta mai RAM 16 za ta ɗauke shi. Amma ƙarfinsa bai kai na manyan ba, ya fi dacewa da cika layi da bayanin ɗan guntun kod. Kuma yana zuƙe batir yana dafa laftof, a zafin Afrilu in wuta ta ɗauke za ka gane kurenka.

Autan Dakata: Sai taron tsaye, ɗan gajeren taron da ake yi kullum. Tunda AI yana iya karanta komit da allon aiki ya fitar da taƙaitawa kowace safiya, ba sai a huta da taron ba?

Malamin Kabuga: Taƙaitawar a tura ta kafin taro, madalla, ta ɗauke "jiya na yi kaza". Minti 15 ɗin sai a kashe su kan allon, daga dama zuwa hagu, ana farawa da katin da ya fi kusa da gamawa. Ku ce masa ya riƙa fito da duk katin da ya kwana uku bai motsa ba, wannan ya fi taƙaitawar amfani. Amma komit ba ya nuna wanda ya maƙale yana jin nauyin faɗa. Kai da kake sabo, Auta, ka fi kowa buƙatar taron, don yanzu sabon mai kod yakan shafe yini biyu yana zagaye da na'ura a kan abin da yayansa zai warware masa cikin minti biyar. Ku sa doka: in ka gwada sau uku bai fito ba, ko awa guda ta wuce, rufe hirar ka kira mutum. Doguwar hira ma lalacewa take, yana manta abin da aka ce a farko, gara a buɗe sabuwa da taƙaitaccen bayani.

Taron waiwaye na ƙarshen zango kuma kar a sa na'urar naɗar murya a ciki. Mutane ba za su faɗi gaskiya ba in sun san ana rubutawa. Banda haka, yadda muke cakuɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya yana rikita masu mayar da murya rubutu, taƙaitawar da aka gina a kai sai ta ce an yanke abin da ba a yanke ba. A kawo masa lambobi kawai kafin taro, ya tsara su.

Ɗan Fagge: Waɗanne lambobi, Malam? Don maigidan kamfani zai tambaya ko kuɗin da ake biya a dala duk wata yana dawowa.

Malamin Kabuga: Guda huɗun DORA, masu binciken yadda ƙungiyoyi ke sakin manhaja: sau nawa ake sakin manhaja, tsawon lokaci daga komit zuwa hannun mai amfani, kashi nawa na sakin ke jawo matsala, da tsawon lokacin gyarawa in ta faru. Ku ɗauki na zango uku kafin AI da uku bayansa. Ku ƙara da awannin da PR ke yi yana jiran dubawa. Kar ku auna yawan layin kod, kar kuma ku auna da makin zango, don da zarar maigida ya fara kallon maki, katin 3 zai wayi gari ya zama 5.

Ɗan Kurna: Na karɓi na iyakar allo da na gwaji. Na PR ɗin dai har yanzu ina ganin 400 ya yi kaɗan ga abu irin canja sunan akwati a fayil 60, wanda AI ke yi cikin minti biyu.

Injiniyan Zoo Road: Wannan daban ne, a ba shi PR nasa shi kaɗai, a rubuta a kai cewa canjin suna ne zalla, babu canjin aiki, gwaji duka kore kafin da bayan. Haramcin shi ne a cusa gyaran lissafin bashi a tsakiyar fayil 60 ɗin.

Ɗan Fagge, abu ɗaya da ban ji a katunanku ba: cikin layukan Kwari sabis yakan yi rauni, dole manhajar ta yi aiki ba intanet ta haɗa daga baya. Ranar da Alhaji ya rubuta biyan 50,000 a wayarsa, yaronsa ya rubuta 30,000 na kwastoma ɗaya a tasa, duka ba sabis, in aka haɗa me zai faru? In ka bar wa AI zai sa na ƙarshe ya danne na farko, kuɗi ya ɓace. Kar a ajiye "saura" a matsayin lamba da ake gogewa. A ajiye kowane ɗauka da kowane biya a layinsa, da lambar shaidarsa da wayar ta ƙirƙira, saura kuma a lissafo shi daga jimlarsu. Ku buɗe masa kati kafin tsara zangon Litinin, kuma Anti ta tambayo Alhaji ko yaron shago yana da ikon karɓar biyan bashi tun farko.

'Yar Gwale: Za a tambaya. A haɗa da ko yana so kwastoma ya samu saƙon tes duk lokacin da aka rubuta masa bashi, don wasu dillalan ba sa so.